Tambaya cikin tambaya: yadda za ka sa wayarka ta lissafa bashin shago da SQL

Duk yaron da ya taɓa zama a shagon mahaifinsa ko na maigidansa a Kamba ya san littafin bashi. Shafi ɗaya na wanda ya ɗauki shinkafa, wani na wanda ya kawo rabin kuɗin albasa ya ce sai mako mai zuwa, ga kuma 'yan takardun da aka cusa a tsakiya saboda ba a samu sukunin rubuta su ba. A nan garin littafin yana da wata matsala da ta Kano ba ta da ita: kuɗi iri biyu ne a ciki. Kamba ce hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, tana bakin iyaka da Nijar, hanya ta miƙe zuwa Gaya, daga Gaya kuma gada ce kawai a kan kogin Kwara ta raba ka da Malanville ta Jamhuriyar Benin. Ta ɓangaren Bagudo ma, Tsamiya tana kallon Segbana. Nijar da Benin duka sefa suke kashewa. Saboda haka ana sayar da kaya da naira, wani ya biya da naira, wani ya biya da sefa, kuma farashin canjin ranar da ya biya ba shi ne na yau ba.

Idan maigida ya ce maka, “Duba min waɗanda ba su kawo ko sisi ba,” ko “Nawa ya saura a wajen mutumin Gaya?”, tambayoyi biyu ya yi maka a dunƙule. Kafin ka san wanda bai biya ba sai ka san waɗanda suka biya. Kafin ka san abin da ya saura sai ka san yadda aka canza sefa a kowace ranar biya. Harshen SQL yana da hanyar rubuta irin wannan, wato ka saka tambaya ɗaya a cikin wata. Masu shirya manhaja suna kiranta subquery, mu a nan za mu ce mata tambayar ciki. Ita za mu koya yau, a kan waya, ba sai da kwamfuta ba.

Rumbun bayanan yana cikin wayarka tun tuni

SQL ya girmi yawancin masu karanta wannan shafi. A 1970 wani masani a kamfanin IBM mai suna Edgar Codd ya kawo tsarin ajiye bayanai cikin teburori masu alaƙa da juna, a 1974 kuma Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fitar da harshen tambayarsu da suka kira SEQUEL, wanda ya koma SQL. Bankuna da kamfanonin waya da shi suke aiki har gobe. Wanda ya shafe mu shi ne ƙaramin rumbu mai suna SQLite, da Richard Hipp ya fara a 2000. Kyauta ne, yana cikin kowace wayar Android da iPhone, kuma saƙonninka na WhatsApp ma a cikinsa suke kwance.

A Android, sauke manhajar Termux daga F-Droid, ka buɗe ta ka rubuta waɗannan, kowanne a layinsa:

```
pkg install sqlite
sqlite3 shago.db
.mode box
```

Data sau ɗaya za ka kashe, wajen saukewa. Bayan nan ko babu sabis yana aiki, wanda kuwa ya san ƙauyukan bakin kogi ya san darajar wannan.

Teburori huɗu za mu gina. Ban sa ɗ da ƙ a sunayensu ba don sauƙin bugawa.

```
CREATE TABLE kwastoma (lamba INTEGER, gari TEXT);
CREATE TABLE ciniki (kwastoma INTEGER, rana TEXT, kaya TEXT, naira INTEGER);
CREATE TABLE biya (kwastoma INTEGER, rana TEXT, adadi INTEGER, kudi TEXT);
CREATE TABLE canji (rana TEXT, farashi INTEGER);

INSERT INTO kwastoma VALUES
(1,'Kamba'),(2,'Gaya'),(3,'Malanville'),(4,'Bagudo'),(5,'Lolo');

INSERT INTO ciniki VALUES
(1,'2024-05-02','shinkafa',300000),
(2,'2024-05-02','albasa',250000),
(3,'2024-05-10','masara',400000),
(4,'2024-05-12','shinkafa',150000),
(5,'2024-05-15','gishiri',50000),
(2,'2024-05-20','albasa',250000);

INSERT INTO biya VALUES
(2,'2024-05-06',100000,'CFA'),
(1,'2024-05-09',100000,'NGN'),
(3,'2024-05-18',100000,'CFA'),
(NULL,'2024-05-19',50000,'NGN'),
(2,'2024-05-25',80000,'CFA');

INSERT INTO canji VALUES
('2024-05-01',2300),('2024-05-15',2500),('2024-05-24',2400);
```

Duk waɗannan lambobi na misali ne da na tsara don darasi, har da farashin canjin, wanda yake nufin naira nawa ake bayarwa a kan sefa 1,000. A naka teburin za ka ƙara gurbin suna da lambar waya. Lura da layi na huɗu a teburin biya, inda aka rubuta NULL a wajen kwastoma. Alat ne ya shigo na naira 50,000 daga asusun wani mai POS, babu wanda ya san wa ya aiko. Wannan yana faruwa a kowane shago, kuma zai dawo ya cije mu a gaba.

Abu biyu game da shigar da bayanai. Rubuta kwanan wata shekara, wata, rana, kamar 2024-05-06, domin SQLite haruffa yake gwadawa daga hagu zuwa dama. Idan ka rubuta 6/5/24 zai jera maka ranaku a birkice ba tare da ya yi ƙorafi ba. Sannan rubuta cikakken adadin kuɗi. A bakin mutanen Nijar dala sefa 5 ce, jaka kuwa sefa 1,000, alhali tsofaffinmu na wannan gefe idan suka ce jaka naira 200 suke nufi. Idan “jaka ɗari” ta shiga tebur a matsayin 100, babu dabarar SQL da za ta ceto lissafin.

Mafi sauƙi: tambayar da ke ba da lamba ɗaya

Maigida yana son sanin cinikin da ya fi matsakaici girma. Abin da zai fara zuwa maka shi ne ka rubuta WHERE naira > AVG(naira). Gwada ka gani, zai ƙi. Dalili kuwa WHERE layi-layi yake dubawa, shi kuma matsakaici ba ya samuwa sai an gama tara dukkan layuka. Dole a ware lissafin matsakaicin ya zama tambaya mai zaman kanta, a kewaye ta da baka biyu:

```
SELECT kwastoma, kaya, naira
FROM ciniki
WHERE naira > (SELECT AVG(naira) FROM ciniki);
```

Karanta daga ciki zuwa waje. Ta ciki ta tara naira 1,400,000 ta raba gida shida, ta samu 233,333 da 'yan kai. Ta waje ta ɗauki wannan lamba ta ajiye a inda bakan suke, ta tace. Layuka huɗu za su fito: shinkafar lamba 1, masarar lamba 3, da albasar lamba 2 sau biyu. Kana iya lissafa matsakaicin da kalkuleta ka rubuta 233333 da hannunka, amma gobe da an ƙara ciniki ɗaya lambar ta tsufa. Tambayar ciki kullum sabuwa take lissafowa.

Wannan shi ne dukkan sirrin. Sauran abin da ya rage shi ne sanin inda yake yaudara, kuma wuraren suna da yawa.

Idan amsar jeri ce

Wani lokaci tambayar ciki ba lamba ɗaya za ta bayar ba, jerin lambobi ne. A nan ake amfani da IN. A ce ana son sanin nawa ne daga cinikin watan ya fito daga mutanen ƙetaren iyaka. Wannan ba tambayar wasa ba ce a Kamba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ta Kamba ba ta cikin huɗun da aka fara buɗewa a Disambar 2020, sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Ɗan kasuwar da ya san kaso nawa na cinikinsa ke rataye da wannan ƙofa ya fi sanin yawan bashin da zai yarda ya tsallaka ta.

```
SELECT SUM(naira)
FROM ciniki
WHERE kwastoma IN
  (SELECT lamba FROM kwastoma
   WHERE gari IN ('Gaya','Malanville'));
```

Ta ciki ta ba da 2 da 3. Ta waje ta tara cinikinsu, naira 900,000 cikin 1,400,000.

Yanzu yi kuskure da gangan. A cikin baka, maimakon SELECT lamba, rubuta SELECT kwastoma. Kuskure ne mai sauƙin yi tunda sunan yana bakinka. Teburin kwastoma ba shi da gurbi mai wannan suna, don haka za ka zaci SQLite zai tsayar da kai. Ba zai tsayar ba. Zai ba ka 1,400,000, hankali kwance. Abin da ya faru shi ne ƙa'idar SQL ta yarda tambayar ciki ta leƙa waje: idan ba ta ga suna a teburinta ba, sai ta nema a teburin tambayar waje. Ta samu kwastoma a teburin ciniki, sai sharaɗin ya koma “kwastoman da yake daidai da kansa”, wanda kowa ya cika. Ka je ka gaya wa maigida duk cinikinsa na 'yan ƙetare ne, ka ga yadda zai dube ka.

Maganinsa shi ne ɗabi'ar da nake so ka tashi da ita daga wannan darasi: kwafi abin da ke cikin baka, ka gudanar da shi shi kaɗai, ka kalli amsar da idonka kafin ka mayar da shi ciki. Da ka yi haka a nan, nan take SQLite zai ce babu gurbi mai wannan suna. Kariya ta biyu ita ce ka ba kowane tebur gajeren laƙabi, ka rubuta k.lamba maimakon lamba kawai, kamar yadda za ka gani a ƙasa.

Alat ɗin da ba shi da suna

Mu koma tambayar farko ta maigida, waɗanda ba su kawo komai ba. Idan IN na nufin “yana cikin jeri”, NOT IN na nufin “ba ya ciki”:

```
SELECT lamba, gari
FROM kwastoma
WHERE lamba NOT IN (SELECT kwastoma FROM biya);
```

Da ido kana ganin lamba 4 na Bagudo da lamba 5 na Lolo ba su cikin teburin biya. Amma allon zai dawo fayau, ko layi ɗaya babu. Wanda bai sani ba zai ce alhamdu lillahi, kowa ya taɓa biya.

Gudanar da ta ciki ita kaɗai: 2, 1, 3, wani gurbi wayam, sai 2. Gurbin nan shi ne NULL. NULL ba sifiri ba ne, ma'anarsa “ba a sani ba”. Ga yadda na'urar take tunani a kan lamba 4. Shin 4 ya bambanta da 2? I. Da 1? I. Da 3? I. Da wanda ba a sani ba fa? Ba za ta iya cewa i ba, domin mai yiwuwa wanda ya aiko alat ɗin shi ne lamba 4 ɗin. Tunda ba ta tabbatar ba, ba za ta sa shi cikin waɗanda ba su biya ba. Haka za ta yi wa kowa. In ka duba da kyau ma gaskiyarta ce, alƙali mai adalci haka zai yi. Sai dai ba ta faɗa maka dalilinta, ita ce matsalar. NULL guda ɗaya a cikin jeri ya isa ya sa NOT IN ya yi gum ko da layuka dubu goma ne.

Hanya mafi aminci ita ce NOT EXISTS, wadda take tambaya ta wata fuskar: shin akwai wani layi a teburin biya da ke ɗauke da lambar wannan mutum?

```
SELECT k.lamba, k.gari
FROM kwastoma k
WHERE NOT EXISTS
  (SELECT 1 FROM biya b WHERE b.kwastoma = k.lamba);
```

Yanzu 4 da 5 sun fito. Wannan SELECT 1 ɗin kada ya dame ka, EXISTS bai damu da abin da ke cikin layin ba, samuwarsa kawai yake dubawa. Ni dai a bayanan kasuwa na daina amfani da NOT IN gaba ɗaya idan jerin daga wani tebur yake fitowa, domin littafin shago bai taɓa rasa gurbin da aka bari ba a cike ba.

Kowace biya da farashin ranarta

Ka lura a tambayar da ta wuce, ta ciki tana ambaton k.lamba, wanda na waje ne. Leƙen nan da ya cuce mu ɗazu, yanzu da gangan muka yi shi. Irin wannan tambayar ciki ba sau ɗaya ake amsa ta ba, ana sake yin ta ne ga kowane layin waje. Kamar yaron shago ne da aka ba jerin sunaye, kowane suna ya karanta sai ya ruga ya buɗe ɗaya littafin ya duba, ya dawo, ya karanta na gaba.

A wajen canji ne wannan yake nuna amfaninsa sosai. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira ce mai motsi, musamman tun da Babban Bankin Najeriya ya sake ta a watan Yunin 2023. Don haka sefa 100,000 da aka karɓa farkon wata da wadda aka karɓa ƙarshensa ba naira ɗaya ba ce. Kuma babu mai rubuta farashin canji kullum, sai ranar da ya sauya. A teburinmu sau uku kawai aka rubuta, kuma babu ɗaya da ya dace da ranar wata biya. Abin da muke nema ga kowace biya shi ne farashi na ƙarshe da aka rubuta a ranar ko kafin ta.

```
SELECT b.kwastoma, b.rana, b.adadi,
  (SELECT c.farashi FROM canji c
   WHERE c.rana <= b.rana
   ORDER BY c.rana DESC
   LIMIT 1) AS farashi
FROM biya b
WHERE b.kudi = 'CFA';
```

Ga biyan 6 ga Mayu, ta ciki ta ɗebo farashin da bai wuce wannan rana ba, na 1 ga wata kaɗai, 2,300. Ga na 18 ga wata akwai biyu, na 1 da na 15. DESC ya sa sabo a sama, LIMIT 1 ya ɗauki na saman, 2,500. Na 25 ga wata ya samu 2,400.

Ita wannan ba za ka iya kwafe ta ka gudanar kai tsaye ba, tunda b.rana ba ta da ma'ana a waje. Sai ka cire b.rana ka sa kwanan wata da hannu, '2024-05-18', ka ga ko 2,500 zai fito. Gwada kuma da ranar da ta riga farashi na farko, kamar '2024-04-28'. Babu abin da zai fito, wato NULL ke nan idan tana ciki, kuma SUM tsallake NULL yake yi. Mutum ya biya kuɗinsa, lissafi ya nuna bai biya ba. Don haka layin farko na teburin canji ya riga biya ta farko.

Akwai wani halin SQLite da ya kamata ka sani. Idan ka manta ORDER BY da LIMIT, tambayar ciki za ta kawo layuka da yawa a inda ake jiran lamba ɗaya. PostgreSQL da MySQL za su tsaya su nuna kuskure. SQLite kuwa na farkon da ya ci karo da shi zai ɗauka ya wuce. Sauƙin kansa a nan ba alheri ba ne.

Don kada mu yi ta maimaita wannan dogon rubutu, mu ajiye shi da suna. VIEW tambaya ce da aka adana, ana kiranta kamar tebur:

```
CREATE VIEW biya_naira AS
SELECT b.kwastoma, b.rana,
  CASE WHEN b.kudi = 'NGN' THEN b.adadi
  ELSE b.adadi *
    (SELECT c.farashi FROM canji c
     WHERE c.rana <= b.rana
     ORDER BY c.rana DESC LIMIT 1) / 1000.0
  END AS naira
FROM biya b;
```

An rubuta 1000.0 da ɗigo ne saboda SQLite idan ya raba cikakkiyar lamba da cikakkiya yana yar da saura, 5 a raba 2 ya ba ka 2.

Mutumin Gaya ya biya sefa 100,000 a kan 2,300, naira 230,000 ke nan, da sefa 80,000 a kan 2,400, naira 192,000. Jimla 422,000. Da farashi ɗaya aka yi amfani, a ce 2,500, da an ba shi 450,000, shago ya yi asarar 28,000 a kan mutum ɗaya a wata ɗaya. Da 2,300 aka ɗauka kuma shi aka cuta. Wane farashi ne daidai, na ranar ɗaukar kaya ko na ranar biya? Wannan ba SQL ke yankewa ba, yarjejeniya ce tsakanin maigida da abokin cinikinsa, kuma gara a yi ta tun kaya ba su hau mota ba. Ni na ranar biya na ɗauka a nan domin a ranar ce sefar ta shigo hannu. In naku ya bambanta, ranar da ake gwadawa kawai za ka sauya.

Bashin kowa, da kuskuren da ke ɓata zumunci

Wanda ya ɗan koyi SQL zai ce ai JOIN ya isa, a haɗa teburorin uku a tara. Haka ma manhajojin hira irin su ChatGPT kan iya rubuto maka idan ba ka yi musu bayani sosai ba:

```
SELECT k.lamba, SUM(c.naira) - SUM(b.naira) AS bashi
FROM kwastoma k
JOIN ciniki c ON c.kwastoma = k.lamba
JOIN biya_naira b ON b.kwastoma = k.lamba
GROUP BY k.lamba;
```

Lamba 1 zai fito da 200,000, daidai. Lamba 3 da 150,000, daidai. Biyu sun yi daidai, sai ka saki jiki. Lamba 2 kuwa 156,000 za a rubuta masa, alhali kaya na 500,000 ya ɗauka ya biya 422,000, saura 78,000. An ninka masa bashi. JOIN yana aurar da kowane layin ciniki da kowane layin biya na mutum ɗaya. Ciniki biyu, biya biyu, layuka huɗu. Kowane ciniki an ƙirga shi sau biyu, kowace biya ma haka. Kwastoman da ya fi kowa zuwa shi ne lissafinsa zai fi lalacewa: mai ciniki goma da biya takwas, cinikinsa za a ninka sau takwas, biyansa sau goma. Ka yi tunanin a kira mutumin da aka shekara ana hulɗa da shi a ce masa ana bin sa ninkin abin da ya sani, “ga shi nan a kwamfuta”. Sannan 4 da 5 ba su fito ba sam, domin ba su da layi a teburin biya da za a haɗa su da shi.

Gyaran shi ne kowane tebur a tara shi a tambayarsa, kada su gauraya:

```
SELECT k.lamba, k.gari,
  (SELECT SUM(c.naira) FROM ciniki c
   WHERE c.kwastoma = k.lamba)
  - COALESCE(
  (SELECT SUM(b.naira) FROM biya_naira b
   WHERE b.kwastoma = k.lamba), 0) AS bashi
FROM kwastoma k
ORDER BY bashi DESC;
```

COALESCE yana cewa idan NULL ya fito a sa sifiri. Cire shi ka gani: bashin 4 da 5 zai zama wayam, domin SUM na babu layi NULL ne ba sifiri ba, kuma duk lambar da aka cire wa NULL ita ma NULL take komawa. Waɗanda ba su biya komai ba su ne za su ɓace daga jerin masu bashi.

Amsar daidai: Kamba 200,000, Malanville 150,000, Bagudo 150,000, Gaya 78,000, Lolo 50,000. Tara su, 628,000. Yanzu bi ta wata hanya ka tabbatar: dukkan ciniki 1,400,000, dukkan biya 822,000, bambanci 578,000. Hanyoyin biyu sun saɓa da 50,000 cif, kuma ka san inda take, alat ɗin nan ne marar suna. Idan ratar ta zo daidai da jimlar layukan NULL, lissafinka lafiya yake. Idan ba ta zo ba, akwai wata tambayar ciki da ba ka duba ba.

Game da sauri, kada ka damu. Tambayar da ake maimaitawa ga kowane layi tana iya nauyi a teburin banki mai miliyoyin layuka, amma littafin shago na shekara guda ko tsohuwar Tecno ko itel ba za ta ji shi ba. In ya fara jan ƙafa, layi ɗaya ya wadatar: CREATE INDEX i_biya ON biya(kwastoma), ka yi irinsa ga teburin ciniki.

Fayil ɗin shago.db kuwa sirrin mutane ne. Sa wa wayar makulli, ka riƙa kwafe shi zuwa wani wuri duk mako, kuma idan za ka nemi taimakon manhajar hira, tsarin teburin za ka ba ta da lambobin ƙarya irin nawa, ba sunayen masu bashi da lambobin wayarsu ba.

Saura naira 50,000 ɗin nan. Ta yi daidai da kuɗin gishirin mutumin Lolo, kuma kwana huɗu bayan ya ɗauka ta shigo. Mai yiwuwa tasa ce, amma kada ka rubuta sai maigida ya kira shi ya tabbatar, ya turo hoton rasit. In ya tabbata, ga layin:

```
UPDATE biya SET kwastoma = 5
WHERE kwastoma IS NULL AND rana = '2024-05-19';
```

IS NULL ake rubutawa, ba = NULL ba, saboda dalilin da ka riga ka gani. Sake gudanar da tambayar bashin, Lolo zai koma sifiri, jimlar ta sauko 578,000.